Makahon Da Ke Hawan Keke

A darasin kimiyya mun koyi yadda jemage ke yawo cikin duhu: yana yin ƙara, ya saurari amsa-kuwwa. Ashe ɗan Adam ma yana iyawa!

Akwai wani mutumin Amurka, Daniel Kish, wanda aka haifa a 1966. Ciwon daji ya sa aka cire masa idanu biyu tun yana ɗan wata 13. Yakan buga harshensa a ganɗa, ƙas! ƙas! sannan ya kasa kunne. Idan sautin ya dawo nan take da ƙarfi, bango na kusa. Idan ya dawo a tausashe, ganyaye ne. Da haka har keke yake hawa. A 2011 masu bincike sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani ne ke karɓar wannan amsa-kuwwar.

Bai yar da sandarsa ba dai, domin rami yana da wuyar ji.

Kish yana koya wa yara makafi wannan dabara. Mu kuwa da muka ji haka, ɗan jagora muka tuna, yaron nan da ke jan makaho a kasuwanninmu. Sa'anmu ne, amma lokacin da muke aji shi yana riƙe da bakin sanda.