"Sufa": Daga Buhun Taki Zuwa Kwalin Kaset

A ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona ba a barin ko taku ɗaya ya huta, idan ka ce "sufa" dattawa taki suke ji. Shi ne takin nan mai ruwan toka da ake zuba wa gyaɗa da wake, ɗan'uwan kamfa da yuriya. Sunan gutsure ne na sufafosfet, wanda wani Bature ɗan Ingila, John Lawes, ya yi wa rajista tun 1842.

Amma a bakin samari 'yan kallo, sufa wani abu ne daban. Turanci ne na hira, wanda ba a cika sa shi a takardar ofis ba, ma'anarsa abu ya haɗu, ya wuce sa'a, gangariya ke nan. Daga nan aka samo sufasta, laƙabin da ake yi wa jarumai irin su Ali Nuhu.

To, a daminar 2000, lokacin da Sangaya ke tashe, wani saurayi ya faɗa tsakanin ma'anonin nan biyu. Mahaifinsa ya ƙirga masa kuɗin akuyar da ya sayar, ya ce ya je kasuwar Dambatta ya auno sufa. Gogan naka bai zame ko'ina ba sai rumfar mai kaset. Mai kaset ya ɗago wani sabon fim, kwali sai sheƙi yake, ya ce, "Wallahi wannan sufa ne, ya taka Sangaya." Shi ke nan, ya ɓantari kuɗin tiya biyu ya biya.

Da dare aka tada janareto a gidan kallo. Kai jama'a! Hoto na rawa, murya kamar daga rijiya, waƙa biyar labari babu. Tun kafin a kai rabi yara suka fara zamewa. Laifin ma ba na kalmar ba ne, masu talla ne suka mayar da ita kamar gishiri, kowace miya sai an barbaɗa.

Tsohon bai ce uffan ba da ya ga awon ya ragu. Ya bi kunya-kunya yana zubawa, inda takin ya ƙare ya kafa kara ya tafi.

Da kaka ta yi, ya kira ɗan nasa bakin karan. Ta nan gyaɗa ta yi 'ya'ya jingim, ta can kuwa sai ganye da 'yan ƙwayoyi tsiraru.

"Ka ga aikin sufana," in ji shi. "Kai naka fa, me ya tsiro?"

"Baba, a yi haƙuri."

"Na yi. Ɗauki fartanya, wannan ɓangaren kai za ka cire."