Tukunyar Dalma da Abin da Ke Cikinta

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun injiniya da kimiyya a nan Fatakwal. Rubutun ya ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

Digiri na biyu nake yi a fannin sarrafa ƙarafa, kuma wata biyu ke nan kusan duk Asabar ina Trans-Amadi, ɓangaren da ake kira Sulota, wurin wani dattijo ɗan Arewa mai zuba tukwane. Unguwar masana'antu ce, nan Michelin yake kafin ya rufe a 2007, amma yanzu 'yan gwangwan ɗinmu ne ke ta kai-komo a layukan.

Abin da muke zanawa a allo shi Baba yake yi da hannu. Yana kwaɓa yashi da yumɓu da ɗan ruwa, ya danna tsohuwar tukunya a ciki ta bar siffarta, ya raba akwatin biyu ya zare ta, ya bar ƙofar da narkakken ƙarfe zai bi. Alminiyam na narkewa a digiri 660. Shi ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfen kawai yake kallo. Na tambaye shi yadda yake gane ruwan yashin ya isa, sai ya dunƙule a hannu, ya karya biyu, ya ce "Ɗan boko, in bai marmashe ba kuma bai manne maka ba, ya yi." Wallahi gwajin da ke cikin littafinmu ke nan. In ruwa ya yi yawa, tururi ne zai huda tukunyar. Ya ce damshin Fatakwal ya sa dole ya rage ruwan da ya saba sawa a Panteka ta Kaduna, inda ya koyi aikin.

To ga abin da ya hana ni sakat. Muna cewa tukunyar dalma, alhali alminiyam ce. Sai dai dalmar gaske tana shiga. Duk abin da 'yan gwangwan suka kawo ana iya jefa shi a kasko: gwangwanin lemo, fistan na mota, lagireto, guntayen da aka yi wa liƙi da dalma. Ita dalma tun a digiri 327 ta narke, ta bi cikin sauran ba tare da kowa ya gani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu idan an tafasa abu mai tsami. Ku tuna miyar tumatir da kunun tsamiya. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba.

Ni dai ban ga laifin Baba ba. Ido ba ya rarrabe ƙarfe mai dalma da marar ita, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya gwada masa. Tukunyar ƙasa ta kakanninmu, irin wadda Ladi Kwali ta fara da ita kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Suleja ta yau, yumɓu ne da wuta kawai. Amma wa zai dafa shinkafar biki a cikinta yanzu?

Na kai maganar wurin malamin da ke duba aikina, ya amince, sai dai na'urar gwajin sashenmu ta lalace tun bara, kuma gwaji a waje kuɗi ne a kan kowane samfuri. Baba ya ba ni guntaye goma sha biyu kyauta, ya ce in an samu wani abu a fara gaya masa kafin a rubuta.

Don haka ina neman wani ɗan kemistiri da ke da hanyar na'urar auna ƙarafa, a nan ko a Zariya, mu haɗa aikin. Wanda kuma zai je gida hutu, don Allah ya taho min da fasasshiyar tukunya ɗaya daga garinsu, ya rubuta sunan kasuwar a jiki. Ku yi min magana ta akwatin saƙo.