Shekarar da Aka Kori Baƙi

Wanda bai zauna Kano tsakanin 1979 da 1983 ba, da wuya ya gane yadda siyasa ke shiga gida har ta hana wa da ƙane sa hannu a akushi ɗaya. PRP ce ta ci jihar, Malam Aminu Kano ne uban tafiya, Abubakar Rimi na gidan gwamnati, Balarabe Musa kuma ya kama Kaduna. Murna ba ta yi nisa ba aka soma 'yar tsama. Gwamnonin biyu suka riƙa zama da takwarorinsu na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta ce ba da yawunta ba, suka ƙi bari, aka kore su. PRP ta dare biyu: 'yan santsi na bayan Rimi, 'yan taɓo na tare da Malam.

Ina sakandare a lokacin. Baba ɗan taɓo ne na gani-kashe-ni, tun zamanin NEPU yake bin Malam. Ƙanensa, Baffa, ya bi Rimi, yana cewa gwamnan da ya soke haraji da jangali ai shi ne ya cika alkawarin talakawa. Bayan isha'i su kan baje tabarma a ƙofar gida, rediyo a tsakiya, maƙwabta su kewaye. Sau da yawa sai Inna ta aiko a ce dare ya yi kafin a watse, kowa yana huci.

Abubuwa kuma suka yi ta zuwa a jere. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki, aka rasa rayuka fiye da 4,000 kafin soja su kashe wutar. A Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A Yulin shekarar, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gari ya yamutse, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a gidansa. Sai kuma kuɗin mai ya karye. A 1982 gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara sallamar ma'aikata, shinkafa da madara da sabulu suka yi tashin gwauron zabi.

A nan ne na fara jin wata magana tana yawo a majalisar ƙofar gidanmu, har ta zama ita kaɗai ce ɗan santsi da ɗan taɓo da ɗan NPN ke gyaɗa mata kai tare: baƙi ne suka cika mana ƙasa. In an yi sata, baƙi ne. In aiki ya yi wuya, 'yan Gana ne suka karya farashin leburanci. In an tuna Maitatsine, a ce ai daga Marwa ta Kamaru ya zo. Gaskiya ne daga can yake, amma mafi yawan mabiyansa da aka kama 'ya'yan ƙasar nan ne, gardawa da 'yan cirani daga ƙauyukanmu. Wannan ɓangaren ba a son a faɗe shi. Da wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a Oktoban 1982, maganar ta ƙara kauri.

Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasar cikin mako biyu. Daga baya aka ƙara wa masu sana'o'in ƙwarewa wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, to a kan wannan gwamnati ta tsaya, ta ce sun wuce ƙa'ida. A takarda tana da hujja. Amma mutanen nan shekaru suka yi a gabanta tana kallo, lokacin da ake buƙatar birkila da direba da malamin makaranta. Sai da zaɓe ya rage wata bakwai aka tuna da ƙa'ida.

Akwai mai ga-ruwan da ke kawo mana ruwa tun ina firamare, mutumin ƙasar Damagaram. Bahaushe ne kamar mu, sai dai ɗan karin harshe. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta saboda sandar da yake rataya garwa biyu, in ya tuɓe riga sai ka ga wurin ya yi baƙi ƙirin ya kumbura. A hannun Inna yake ajiyar kuɗinsa, cikin wani gwangwanin madara da take turawa ƙarƙashin gado. Da asuba, kwanaki kaɗan bayan sanarwar, ya yi sallama ba garwa a kafaɗa.

"Inna, ajiyata na zo karɓa. Gida zan koma."

"Subhanallahi! Me aka yi maka, ɗan nan?"

"An ce marar takarda ya fita. Ni kuwa ko ta haihuwa ba ni da ita."

Baba na alwala a gefe, ya ajiye buta ya ce, "Ni ma ba ni da ita. Ka yi zamanka, wa zai bambance ni da kai?"

Ya durƙusa ya ce, "Baba, ɗan sanda ba zai bambance ba. Amma 'yan unguwa sun sani."

Ashe a bakin famfo an riga an fara yi musu gori, abokan sana'arsu na gida suna cewa su jira wa'adi ya cika su gani. Inna ta juye gwangwanin a kan faifai, suka ƙirga tare, ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli da garin rogo a tsumma. Garewaninsa ya sayar da su a rabin kuɗi. Ni na riƙe masa ƙunshi har tasha, inda na tarar da Buzaye masu gadi da Zabarmawa da 'yan ƙasarsa cunkushe, direbobin hanyar Daura sun ninka kuɗin mota ba kunya ba tsoron Allah. Har yau in na tuna amsar da ya ba Baba sai jikina ya yi sanyi, domin ba gwamnati yake tsoro ba, mu yake tsoro.

A makaranta malaminmu na lissafi ɗan Gana ne. Yana cikin waɗanda za su iya gyara takardunsu su zauna, amma ya ce ba zai tsaya inda yara ke bin matarsa da ihu a kasuwa ba. Muka ƙarasa zangon ba mai koya mana lissafi.

Abin da muka gani a Kano kaɗan ne a kan na Kudu. An ƙiyasta kusan mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Tun Satumban 1982 shugaban Gana, Rawlings, ya rufe iyakokin ƙasarsa, don haka jama'a suka jibge a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, suka yi kwanaki a fili kafin a buɗe musu hanya, wasu a nan rai ya yi halinsa. Dattawa a majalisa suka ce ai ramuwa ce, don a 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta yi wa namu irin wannan, Yarabawa da Hausawan zango suka baro Kumasi da Akara da abin da hannu zai iya ɗauka. Baba ya ce shi ya tarbi wasu daga cikinsu a wancan lokaci, ya ga idanunsu, saboda haka ba mai sa shi ya yi murna da na yau. Baffa, wanda da farko ya ce korar ta yi daidai, bai ƙara tanka maganar ba.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da mu tun kafin nan. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Borno, suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo. In har zaɓaɓɓen ɗan majalisa zai kwana ɗan ƙasa ya wayi gari baƙo don ya tsone wa masu mulki ido, to mai ga-ruwa ba shi da madafa. Kuma a yankinmu, inda Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram suke auratayya tun kafin Bature ya ja layi, wannan wuƙa ba ta da inda za ta tsaya.

Baƙi sun tafi, kwanon shinkafa bai sauko ba, Bompai ba ta mayar da ma'aikatanta ba. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, Baba da Baffa suka dawo daga jana'iza a mota ɗaya. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi a zaɓe, ranar 31 ga Disamba soja suka kwashe kowa. Gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a 1984, ta sake korar baƙi a 1985, ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarun sunan El-Buhari.

Yanzu gashina ya yi fari, ina kallon jam'iyyu na sake darewa, kowane ɓangare da shugabansa da takardar kotunsa, kayan masarufi sun gagari mai albashi. Na ga yadda aka datse iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na ruɓewa. Na ga hotunan Ingila a 2024, ana kai wa otal-otal na masu neman mafaka hari, a ƙasar da 'ya'yanmu da yawa ke aikin jinya. A gida kuma, in an yi zancen 'yan bindiga, ba a rasa mai cewa ai baƙi ne, alhali mutanen Zamfara sun san sunayen iyayen da yawa daga cikinsu. Ba na musun ƙasa ta san wanda ke shigo mata, ta tsare iyakarta daga masu safarar makamai. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokacin da ake tuno da zancen, da kuma bakin da ke tuno shi. Masu ga-ruwan unguwar da nake zaune yanzu, da yawansu har gobe daga tsallaken iyaka suke. Sun bar garwa sun koma kura da jarkoki, kuma cikin waɗanda na tambaya babu mai takardar zama.