Daga Bulumkutu zuwa Gwange: Makon Daidaita Murya

Asabar

Na'urorin sun iso jiya da yamma a motar Kano, guda biyar cikin kwalin takalmi. Kowacce tana shiga tafin hannu, da 'yar eriyarta kamar yatsa. Manhajar da ke cikinsu Meshtastic ce, fasahar rediyon kuma LoRa. Ba SIM, ba kati, ba intanet. Ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth ka rubuta gajeren saƙo, na'urar da ta ji ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu a wurin gobara.

Dalilin sayensu Inna ce. Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, tana Gwange ina Bulumkutu, kogin Ngadda ya raba mu. Cajin wayarta ya ƙare tun da hantsi, na kwana biyu ban san ko tana raye ba. Kafin wannan ma mun ga 2013, da aka rufe layukan waya a Borno tun daga Mayu, mun ga duhun da ya biyo fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021. Ina son wata igiya tsakanina da ita wadda ba ta rataye a turken kowa ba.

Aikin yau zaɓen zango ne. Na Amurka, 902 zuwa 928 megahaz, ya hau kan wurin da wayoyinmu na GSM 900 ke magana da turakunsu, don haka na kauce masa. Najeriya tana yanki ɗaya da Turai a rabon zango na duniya, sai na sa 868.

Lahadi

Ƙanena ya zo da wani amfilifaya da ya yi oda da kuɗinsa. "Yaya, a ƙure shi kawai. Me za a yi wa tattali?"

Na zaunar da shi na zana masa lissafin a bayan kwali. Ƙarfin watsawa da dBm ake rubuta shi, kuma lambar tana yaudara. 10 na nufin miliwat 10, 20 miliwat 100, 30 wat ɗaya cur. Duk ƙarin 3 ninki biyu ne. Guntun rediyon da ke cikin namu, SX1262, iyakarsa 22, wajen miliwat 160. A tsarin 868 manhajar tana bari a kai 27, rabin wat, amma da sharaɗin kada na'ura ta yi magana fiye da kashi 10 cikin 100 na lokaci, wato minti shida a awa. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne, ko a sararin da babu shinge, sai ka ruɓanya ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. A cikin gari mai kwanon rufi da katangu, ribar ba ta kai haka ba.

Bai yarda ba, ni ma na bar shi. Muka ɗaura amfilifayan muka sa 27, muka gwada da wata na'urar a kan tabarma ɗaya. Saƙo uku suka ɓace a tazarar kamu biyu. Ihu a cikin kunne ba ya jiwuwa. Da muka kai ɗayar zaure, komai ya shiga.

Litinin

Yau ce ranar da na koyi abin da na zo koya.

Mun kafa mai amfilifayan a kan rufina, ƙanena ya hau Keke Napep da ƙaramar na'ura ya nufi Gwange. Bayan la'asar ya kira ni yana murna: saƙona ya shiga, yana tsaye a tsakar gidan Inna yana karanta mata. Na ce to ya amsa. Ya amsa sau biyar. Ko ɗaya bai iso ba.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. A ce yau daren ambaliya ne. Inna za ta ga "Kina ina?" sau goma, jikarta za ta rubuta "Muna kan rufi, ruwa ya kai taga," ni kuma ina nan ina kallon allo babu komai, ina zaton mafi muni. Wannan ya fi rashin na'urar ciwo, domin su sun sakankance an ji su. Amfilifayan ya ƙara mini baki ne, bai ƙara mini kunne ba, kuma a irin wannan dare saƙon da ake bukata daga mai ƙaramar murya yake fitowa: tsohuwa a ɗaki, ƙarƙashin kwano, da batirin da ya kusa ƙarewa.

Akwai illa ta biyu da na gano da daddare ina bin yadda manhajar ke miƙa saƙo. Duk na'urorin layi ɗaya suke rabawa, kowacce tana saurare kafin ta yi magana. Mai ƙara tana sa rabin gari ya yi shiru yana jiranta. Sannan an tsara cewa wadda ta ji saƙo da rauni, wato ta nesa, ita ke riga maimaitawa, na kusa kuma in sun ji ta sai su haƙura. Mai ihu kan jefa saƙonsa can nesa, wurin wadda ba za ta iya maido masa da amsa ba.

Talata

Kafin in ɗaga ko da sanda, na je wurin Bulama da na'urar a buɗe, na nuna masa cikinta, ya kira biyu daga cikin 'yan gora suka gani. Garin da aka taɓa haramta wayar Thuraya a 2013, ba a kafa eriya a cikinsa a ɓoye. "Ɗana," in ji shi, "duk inda za ka sa, ka sanar da mai unguwar wurin." Na ce in sha Allahu, ranka ya daɗe, kuma haka na yi a Hausari da Gwange.

Maiduguri shimfiɗe take kamar faifai, babu tudun da za a hau. Tudunmu shi ne tankin ruwa. Goggo tana da bene a Hausari, da tanki a kan ƙarfe, sai muka ɗaure na'ura a can da igiyar roba da ƙaramin faifan sola. Na'urar da ke hannun mutum a tsaye, lanƙwasar ƙasa kaɗai tana yanke mata gani a wajen kilomita biyar. A tsayin mita tara ya haura sha biyu. Ga kuma dogon yaro, wanda ya yi wa garin nan rumfa. Muna son inuwarsa, amma ganyensa yana shan sigina, sai an leƙa ta samansa.

Na cire amfilifayan na mayar da rufina 22. Ƙarfin ya ragu sau uku, amma a karon farko saƙo ya je Gwange ya dawo.

Laraba

Yinin yau na ragewa ne. Mun kafa ta huɗu a kan gora a rufin Inna. Manhajar tana da hanyar bin sawun saƙo, tana nuna lambar SNR ta zuwa da ta dawowa, wato yadda murya ta fito daga cikin hayaniya. LoRa tana iya tsinto magana ko ta nutse ƙasa da hayaniyar, a tsarin LongFast da muke kai har wajen −17.

Daga rufin Inna zuwa tankin Goggo, a 22 na ga −4. Na sauke zuwa 17, ya koma −9. A 12 ya kai −14, saƙo yana shiga amma ɗaya cikin 'yan kaɗan yana faɗuwa. Na tsaya a 17. Yanzu Afrilu ne, itatuwa sun sha rani. In Agusta ya zo ganye ya cika ya jiƙe, wannan rarar ita za a ci, kuma lokacin ne muke tsoro.

Ƙanena ya tambaya, tunda mu biyar ne kacal a layin, wa muke yi wa kara? Gaskiyarsa, yau ba kowa. Amma maƙwabtan Goggo biyu sun riga sun tambayi farashi, kuma abin da suka tarar muna yi shi za su kwaikwaya.

Alhamis

Na zaci rage ƙarfi zai tsawaita batir sosai. Bai yi ba. A 22 rediyon yana jan wajen miliamfiya 120, amma na ƙiftawar ido, sauran yinin saurare yake. Abin da ke cin batir shi ne ƙwaƙwalwar na'urar: a cikin namu, Heltec mai ESP32 ba ta kai gobe, RAK mai nRF52 tana kwanaki. Na musanya, RAK ta hau tankin Goggo.

Zafi ya haura 40. Batirin litiyam ba ya son caji sama da 45, akwatin na'urar kuma da azahar ba ya taɓuwa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin Monday Market, ya yanka mini farin kwano ya yi masa hula da ratar iska. Ya juya amfilifayan a hannunsa, ya ce irin wannan yana jan fiye da rabin amfiya. "In ganga ta cika zaƙi, yaro, fashewa za ta yi." Ya gargaɗe ni kada in taɓa kunna na'ura babu eriya, ƙarfin zai koma ciki ya ƙone ta.

Juma'a

Bayan masallaci na rubuta lambobin a takarda na manna a cikin murfin kowane akwati. Rufina da tankin Goggo 22, don tsakaninsu ne doguwar tafiya kuma kowanne yana jin ɗan'uwansa. Rufin Inna 17. Ta ɗakinta da ta aljihuna 10, tunda rufin da ke kansu kawai za su kai wa. Daga aljihuna zuwa ɗakinta miƙawa uku ce, daidai da adadin da manhajar ta zo da shi, ban taɓa shi ba.

Inna ta sa aka rataye tata a ƙusa kusa da carbinta, sama da layin da ruwa ya bari a bango. Ta ce, "Wannan abin naka, ni yake ji ko kai?" Na ce duka biyun, Inna. Ta ce to mu gani, in tafi gida tukuna.

Ina sauka daga Keke a Bulumkutu aljihuna ya yi ƙara. Jikarta ce ta rubuta: Inna ta ce na manta hulata a kan tabarma, kuma in zo da goro ranar Lahadi. Na amsa, alamar isa ta fito. Amfilifayan yana cikin kwalin takalmi. Na sa wa kaina ranar sake awo, mako guda bayan ruwan farko.