Daminar Mutanen Kan Dutse

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mu uku ne, ɗalibai Hausawa da neman ilimi ya kai mu birnin Marakish na ƙasar Maroko, kuma kafin zuwanmu babu ɗayanmu da ya taɓa ganin dusar ƙanƙara in ba a hoton kalanda ba. Iyakar ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan zubo da ruwan farkon damina, mu bi ta da gudu muna tsinta muna tsotsa. To, sai ga mu a garin da in gari ya waye a watannin sanyi mutum ya dubi kudu, zai hango duwatsun Atlas sun yi fari fat kamar an naɗa musu rawani.

A cikin watan Janairu na 2023 muka yi karo-karo muka ɗauki shatar tasi zuwa Ukaimedan, wurin da ake wasan zamiya kan ƙanƙara tun zamanin mulkin Faransa. Tazararsa daga Marakish ba ta kai kilomita 80 ba, amma hanyar sai hawa take yi tana nannaɗewa kamar maciji. Marakish na bisa doron teku da kimanin mita 460, shi kuwa Ukaimedan mita 2,600 ne, kuma kujerun lilo da aka rataya a jikin waya don ɗaukar masu wasa sun kai sama da mita 3,200. Babu wurin zamiya mai wannan tsawo a duk Afirka. Da yake kowace mita 1,000 da mutum ya hau sanyi kan ƙaru da wajen digiri shida, mun baro gari da riga ɗaya, muka isa haƙoranmu na haɗuwa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa shekarar mutanen nan a juye take da tamu. Mu ruwanmu yana zuwa ne bayan zafin bazara, hunturunmu kuwa busasshe ne. Su tun daga Nuwamba har zuwa Maris ko Afrilu iska ke ɗauko musu hadari daga tekun Atlantika. Abin da ya sauka a kwari ruwa ne, wanda ya sauka a kan dutse kuwa ƙanƙara. Galibi daga Janairu zuwa Maris ake samun ta da kaurin da za a yi wasa. Ranar da take zuba akan rufe hanya har sai motar shara ta wuce, kashegari kuma sama ta washe, rana ta daki farin nan ta dawo cikin ido har sai ya yi hawaye. Da tsakar rana ƙanƙarar kan yi laushi, da dare ta sake daskarewa ta zama kamar gilashi, don haka wanda ya yi sammako ba tare da iyawa ba, ƙasa zai sha. Mun sha ta kuwa, har yaran wurin suka gaji da yi mana dariya.

A nan muka haɗu da wani dattijo Babarbare mai alfadari, wanda ke ɗaukar baƙi zuwa gangaren wasa. Da ya ga hannuwanmu sun sandare, sai ya ja mu wurin mai shayi, ya sa aka zubo mana na na'a-na'a. Da guntun Larabcinmu muka ce, "Baba, ku kam kun more, Allah ya ba ku abin wasa kyauta." Ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ku ne kuke wasa da ita. Mu ita ce sha'irinmu, ita ce ciyawar tumakinmu." Muka yi dariya, muka ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

Ba mu fahimci maganar nan ba sai da shekara ta zagayo. A ranar 8 ga Satumba, 2023 girgizar ƙasa ta auka wa yankin Alhauz, inda waɗannan duwatsu suke, ta hallaka mutane kusan 3,000. A Janairun 2024 muka koma, muna fatan ganin dattijon nan da rai. Mun same shi, alhamdu lillahi, amma dutsen da muka bari fari sai ga shi ja, ƙanƙarar ta maƙale a 'yan lunguna inda rana ba ta kaiwa. Masu ba da hayar takalman zamiya sun jera kayansu, babu mai tayawa. Shi kuwa yana zaune gefen alfadarinsa, ya ƙura wa yamma ido.

Wannan kallo ne ya kashe mana jiki, domin kuwa mun san shi. Shi ne kallon da iyayenmu kan yi wa gabas idan an yi shuka ruwa ya ɗauke. Ashe dusar ƙanƙara rumbu ce, ruwa ake tarawa a cikinta. Ruwan sama kan zuba ya wuce a kwana ɗaya, ita kuwa sai ta kwanta, ta riƙa narkewa sannu a hankali har cikin bazara, tana shayar da kogunan Urika da Rirhaya, su kuma su shayar da gonakin tudu da itatuwan goro irin nasu da zaitun na kwari. Filin wasan nan ma makiyaya ce. Bisa tsohuwar al'adar da suke kira agdal, akan hana dabbobi shiga daga tsakiyar Maris, ba a buɗewa sai 10 ga Agusta, don ciyawa ta samu ta yi iri. Idan ƙanƙara ta yi rowa, me garke zai tarar ran buɗewa?

Amsar ta zo a Fabrairun 2025, lokacin da Sarki Muhammadu na Shida ya nemi jama'arsa su haƙura da layyar wannan shekara, saboda farin shekaru a jere ya rage dabbobin ƙasar matuƙa. Mu da muka tashi a gidajen da ake kiwon ragon layya tun da watanni, mun san nauyin wannan magana.

Ranar da za mu sauko, dattijon ya ƙi karɓar kuɗin shayi, ya ce baƙon da ya dawo ranar babu ya zama ɗan gida. Abin da ya roƙe mu ɗaya ne, wato in mun yi salla mu tuna da su. Har yau idan muka ga hoton masu zamiya a kan wani farin dutse, tunaninmu kan wuce su ya gangara ƙauyen da ke gindin dutsen. Allah ya ba su ƙanƙara mai albarka, mu ma ya ba mu damina mai albarka, amin.