Kafin A Ja Kunama: Maharbi Da Madubin Hangen Nesa

Da yawa daga cikin jama'a sun ɗauka cewa farauta aikin bindiga ce, wanda ya fi saiti shi ne gwani. Amma tsofaffin maharba na kowace ƙasa sun san cewa ido ne ke yin mafi yawan aikin. Harbi ba ya wuce ƙiftawa da Bismilla, kallo kuwa yakan ci kwana da kwanaki. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar jihar Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, inda doka ta ɗora wa maharbi nauyin sanin girman ƙahon dabba ko shekarunta tun daga nesa, kafin ya kai yatsa ga kunamar bindiga.

A duwatsun wannan jiha akwai wani irin farin ragon dutse da ake kira Dall. Lokacin farautarsa yakan fara ran 10 ga Agusta, ya ƙare ran 20 ga Satumba. A yawancin yankuna ba a yarda a harbi rago ba sai ƙahonsa ya yi cikakken zagaye, ko kuwa bakin ƙahonin biyu duk sun karye, ko kuma ya kai shekara 8, wadda ake ganewa ta hanyar ƙidaya zoben da ke fitowa a ƙaho kowace shekara. Bayan an harbe shi sai an kai ƙahon ga ma'aikatan gwamnati su duba, su sa masa shaida. Wanda ya harbi ragon da bai kai ba, ana iya cinsa tara, a ƙwace nama da ƙaho, ga kuma zubewar mutunci a idon 'yan'uwansa maharba.

To, a garin Fairbanks akwai wani makanikin mota, mutum mai iyali, wanda samunsa daidai ruwa daidai tsaki ne. Ya daɗe yana burin hawa duwatsun Brooks neman wannan rago. Yana da bindiga, yana da tabarau mai ido biyu wanda ke kusanto da abu sau 10. Wannan tabarau ya isa ya nuna masa farin ɗigo a jikin dutse, amma ba zai gaya masa ko ƙahon ya zagaye ba. Madubin da ke kan bindiga kuwa, duk makarantar koyon farauta tana hana a leƙa abu da shi don a gane ko mene ne, domin wanda ya yi haka ya auna bakin bindiga ga abin da bai sani ba, mai yiwuwa ma mutum ne. Saboda haka ba makawa sai ya sami madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake ɗorawa bisa mazauni mai ƙafa uku.

Da ya shiga kanti sai ya tarar abin ba na wasa ba ne. Madubin Swarovski da na Zeiss da na Leica da na Kowa, manyansu kuɗinsu dala dubbai ne. Na masu ƙaramin ƙarfi, irin ƙananan samfurin Vortex da Celestron da Bushnell, suna tsayawa a ɗaruruwa. Can ƙasa kuma ga waɗansu marasa suna, an rubuta musu manyan lambobi a kwali, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Nan zuciyarsa ta fara karkata, domin kwalin ya yi alkawarin kusanto da abu har sau 75.

Wani dattijo da ya tsufa a farautar duwatsu shi ne ya warware masa lissafin. Kowane madubi yana ɗauke da lambobi kamar 20-60x65. Na farkon su ne yawan kusantarwa, watau daga sau 20 zuwa sau 60. Ta ƙarshen ita ce faɗin gilashin gaba, milimita 65, kuma ta nan haske ke shiga. In aka raba faɗin gilashin da yawan kusantarwa, sai a sami kaurin hasken da ke isa ga ido. A sau 20 ya ɗan haura milimita 3, a sau 60 kuwa da ƙyar ya wuce milimita 1. Ƙwayar idon mutum takan buɗe kamar milimita 2 zuwa 3 da rana, ta ƙara buɗewa in duhu ya fara. Ke nan duk sa'ad da aka murɗa madubi zuwa ƙarshensa, hoton yakan dushe, fagen da ake gani ya tsuke, ƙaramar girgiza ta zama babba. Dabba kuwa ta fi fitowa kiwo da sassafe da kuma yamma lis, daidai lokacin da haske ya yi ƙaranci. Har ila yau in rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, sai kawalwalniya ta tashi, madubi ya kusanto da ita tare da dabbar, har ƙaho ya riƙa rawa kamar abin da ke cikin ruwa. Wannan kuwa ko madubin dala dubu uku ba ya maganinsa.

Daga nan makanikin ya daina duban babbar lamba, ya koma duban ingancin gilashi. Ya koyi cewa gilashi mai araha yakan bar wani shuɗi ko jan zare a gefen farin abu, domin bai iya tara launukan haske wuri guda ba, kuma farin rago bisa baƙin dutse shi ne inda wannan aibi ya fi bayyana. Gilashin da aka yi wa alamar ED yana rage wannan. Ya koyi neman wanda aka shafe dukan fuskokin gilasansa da maganin hana tarwatsewar haske, ba na waje kaɗai ba. Ya koyi neman wanda aka toshe da roba aka cika da iskar naitirojin ko agon, domin a ƙasar ruwa da sanyi, madubin da raɓa ta shiga cikinsa ya zama kaya kawai. Da yake yana sa tabarau na ƙara gani, sai ya nemi wanda ido zai iya ja da baya kamar milimita 15 ko fiye, ya kuma ga fagen duka.

Sai batun nauyi. Mai milimita 80 ko 85 ya fi haske, amma mutumin da zai yi kwana goma yana hawan dutse da tanti da abinci a bayansa, kuma in ya dace ya sauko da nama, kowane rabin kilo sai ya ji shi a gwiwa. Ya tsaya a kan mai milimita 65, wanda ke kusantarwa daga sau 15 zuwa 45. Ya zaɓi mai karkataccen baki, wanda ake sunkuyawa a leƙa, domin ya fi sauƙi ga wuya in ana kallon sama, kuma yana zama a gajeren mazauni, gajeren mazauni kuwa ya fi jure iska. Dattijon ya ja kunnensa cewa kada ya zuba dukan kuɗinsa a madubi ya sayi mazauni mai rawar ƙafa, gama madubi mai kyau bisa mugun mazauni daidai yake da marar kyau. Sai ya ware wani kashi mai kauri na kuɗin ya sayi mazauni mai ƙarfi.

Abu na ƙarshe shi ne maƙalin waya. Dabarar ɗaukar hoto ta bakin madubi ta yaɗu ne daga 1999, sa'ad da wani mai kallon tsuntsaye a ƙasar Malesiya, Laurence Poh, ya kara ƙaramar kyamararsa ga madubinsa ya ga hoto ya fito. Yau wayar hannu ce ke yin wannan aiki. Maƙalan iri biyu ne. Akwai na kowace waya, mai ƙusoshin murɗawa, wanda ya fi araha amma yana cin lokaci kafin a daidaita idon kyamara da bakin madubi. Akwai kuma wanda aka ƙera don waya iri ɗaya, wanda ake dannawa ya zauna nan take, sai dai ranar da aka sake waya an rabu da shi. Makanikin ya sayi na farkon, ya yi mako biyu yana gwaji a bayan gidansa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ya gane cewa in baƙin zobe ya kewaye hoto, ƙara kusantarwa kaɗan a wayar yana kore shi; cewa waya mai kyamara uku takan yi tsalle daga wannan ido zuwa wancan sai an tsayar da ita a kan guda; cewa taɓa fuskar waya da yatsa yana girgiza hoto, gara a sa ta ƙidaya daƙiƙa uku ta ɗauka da kanta; kuma cewa sanyi yana shanye batir da sauri, sai a riƙa ajiye wayar a aljihun ciki.

Amfanin wannan ɗan ƙarfe ya bayyana a kwana na shida a kan dutse. Ya hangi rago a tsallaken kwari, ƙahonsa kamar ya zagaye. Ido mai kwaɗayi yakan ga abin da yake so, musamman bayan an sha wahala. Ya maƙala waya, ya ɗauki hoto mai motsi na 'yan mintuna, ya jira har ragon ya juya gefe sosai. Da ya tsayar da hoton ya buɗa shi da yatsa, sai ya ga bakin ƙahon da saura kafin ya cika zagaye. Ya ƙidaya zobe, ya maimaita, bakwai yake samu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ya naɗe kayansa ya sauko hannu wofi, ba nama, ba tara, ragon kuma ya sami wata shekarar da zai ƙara girma ya bar baya.

Ko da yake wannan labari na wata ƙasa ne, kayan dai sun iso kasuwannin ƙasar nan, kuma mai saye a nan ya kamata ya ƙara da lissafin hazo da ƙura, waɗanda ke rage nisan gani a lokacin hunturu fiye da yadda kowane gilashi zai iya gyarawa. Nijeriya ma tana da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, kuma farauta haramun ce a gandun daji irin su Yankari da Gashaka-Gumti. A irin waɗannan wurare, da fadamun Haɗejiya da Nguru inda tsuntsayen Turai ke sauka kowace shekara, masu gadin daji da masu bincike suna aiki da wannan madubi don ƙidaya abin da ya saura na gwanki da ɓauna da giwa da dinya. Maharbin da ya iya bambance mace mai ciki da namiji tun daga nesa, ya kuma iya haƙura in ya ga ba ta halatta ba, shi ne zai bar wa jikokinsa dajin da za su shiga. Allah Ya sa a gane.