Baƙuwar Ƙofa a Cikin Kwamfuta

Tun fil azal maigida a ƙasar Kabi ya san adadin ƙofofin gidansa: ga ta zaure, ga ta shigifa, ga kuma 'yar ƙofar baya wadda mata ke bi su ɗebo wuta a maƙwabta. In ya wayi gari ya tarar da kafa a jikin danga, ba sai an gaya masa an shigo ba. To amma zamani ya kawo masa kwamfuta, wadda ita ma tana da ƙofofinta na shiga intanet, sai dai ba shi ya gina su ba, bai kuma san yawansu ba. Saboda haka duk wadda ya gani bai shaida ba, sai ya ɗauke ta ta ɓarawo.

Irin wannan ya faru da wani malamin sakandare a Birnin Kebbi a shekarar 2025, bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Datar da ya saba saye ta kai shi ƙarshen wata, sai ta riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba. Ran nan ya buɗe shafin da Windows ke jera hanyoyin sadarwar kwamfuta, ya ga ta waya, ya ga ta iska, ya ga ta Bluetooth, sannan ya ga ta huɗu, an rubuta mata TAP-Windows Adapter V9.

Ba kuɗin kaɗai ya dame shi ba. A gidan akwai ɗan ƙanensa marigayi, wanda aka ɗauko daga Argungu domin ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, kuma shi kaɗai ne yaron da ke taɓa kwamfutar. Uwargida ta riga ta yanke hukunci, ta ce yaron ne ya buɗe wa abokansa hanya suna kallon ƙwallo. Maganar tana da kama da gaskiya. Amma zargin maraya da sata a gidan wan mahaifinsa ba ƙaramin abu ba ne. Kalma ɗaya in ta isa Argungu, kunnen mahaifiyarsa, sai a shekara goma ana gyaran zumunci. Malam ya ce kowa ya kama bakinsa tukuna.

Wani abokin aikinsa mai koyar da ilimin kwamfuta shi ya fara warware masa ƙullin. Ya nuna masa cewa jeri biyu ne mutane ke rikitawa. Jerin da ke cikin kwamfuta na ƙofofi ne kawai, ba na mutanen da suka shigo ba. Wanda ke son sanin baƙi, sai ya duba 'yar na'urar da ke raba intanet a gida, ya shiga shafinta ta adireshin da aka rubuta a jikinta, nan zai ga kowace waya da ke shan datarsa, kowace da lambarta mai alamomi 12.

Da suka duba can, sai suka ga na'urori biyar, alhali Malam huɗu ya sani. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, a kashe wannan waya a ga wace lamba ta ɓace. Ta biyar ɗin ashe wayar uwargida ce, ta fito sau biyu. Dalili kuwa, tun daga Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, wayoyi kan ɓoye lambarsu ta ainihi su ƙirƙiri ta aro, don kada a riƙa bin sawun mai su. In lambar aron ta sake, sai na'urar gida ta ɗauki tsohuwar waya a matsayin sabuwar baƙuwa. Ana ma gane irin wannan lamba, domin alamarta ta biyu ba ta wuce 2 ko 6 ko A ko E. Wannan sakamako bai yi wa uwargida daɗi ba.

Ita kuwa datar, kwamfutar ce da kanta ke shanye ta. Windows takan sauko da gyare-gyarenta a ɓoye, kamar an ce mata intanet ruwan Gulbin Kabi ne a damina. Da aka sanar da ita cewa wannan hanya ta awo ce, sai ta rage haɗama.

Saura ƙofa ta huɗu. Irin wannan ba ƙarfe ba ce, ba waya ba. Manhajar VPN ce ke ƙaga ta, don ta ɗauki saƙon mutum ta bi da shi ta wata ƙasa, kuma sau da yawa takan zauna ko an daina amfani da manhajar. Suka duba jerin manhajojin da aka ɗora wa kwamfutar, suka sami mai ita, da kwanan wata a gefenta: Yuni, 2021. A ranar 5 ga wannan wata ne dakatarwar da gwamnatin tarayya ta yi wa Twitter ta fara aiki, ba a ɗage ta ba sai 13 ga Janairu, 2022, kuma a tsakanin nan ɗimbin 'yan Nijeriya ta VPN suka riƙa zagayawa.

A watan Yuni na 2021 kwamfutar ba ta Birnin Kebbi. Tana Argungu, a hannun ƙanen Malam, mutum mai son gardamar siyasa, wanda ba ya kwana sai ya karanta abin da duniya ke ciki. Sai bayan rasuwarsa aka kawo ta tare da sauran kayansa.

Abokin ya ce a share ta, minti ɗaya ya isa. Malam ya tambaya ko tana cutarwa in an bar ta a rufe, aka ce masa a'a. Ya sa aka rufe ta ba tare da an goge ba, ya kuma sake kalmar sirrin na'urar gida. Da daddare ya kira yaron ya ba shi sabuwar kalmar a rubuce. Yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Baba, wani ne ya shigar mana?" Malam ya ce, "Babu kowa. Na gida ne."